Azumin Jar Masara

Azumin bana ya zo da zafi. Tun hantsi kwanon ɗakina yake fara ƙas-ƙas, kafin azahar kuwa ko bango ba ya taɓuwa. Jiya ina zaune a ƙofar gida ina kankare citta, sai ga 'yata Zainabu, wadda na bar wa teburin kokona a bakin titin unguwarmu Nima, ta dawo daga kasuwa da rabin buhun gero tana ta mita. Wai gero ya yi tsada, wai abin ya ishe ta. Na ce, "Kin samu ko ba ki samu ba?" Ta ce ta samu. Na ce, "To shiga da shi ciki." Ban ƙara ba, don da azumi a bakina. Amma zuciyata ta riga ta koma wani azumin, shekara arba'in da 'yan kai, lokacin da mutum zai zaga Nima da maƙwabciyarta Mamobi kaf bai ga ƙwayar gero a faifan kowa ba.

A shekarar sama ta yi mana rowa. Daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba, da rani kuma wuta ta cinye dazuka da gonaki, daga arewa har kurmi. Motocin da suka saba sauko mana da hatsi daga Bawku, can arewa, suka ɗauke ƙafa. Ana cikin haka aka koro 'yan'uwanmu daga Legas, suka dawo da katifu a ka, ɗakin da yake kwanan mutum huɗu ya koma na goma. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito. Masu barkwanci suka sa masa suna sarƙa, in an haɗu a hanya sai ka ji ana cewa, "Kai, taka ta fi tawa kyau." A gaban masu dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ɓawo, layi ake yi tun ba a hura wuta ba. Wasu ɗanyensa suke saye su je gida su dafa, don kada garin jiran ya nuna ya ƙare a kan idonsu.

Mu tara ne masu dama koko a layinmu, daga bakin kasuwar Nima zuwa gadar Mamobi. Ni ce ƙaramarsu, shekarata uku da aure, Zainabu tana goye. Magajiyarmu Mma Azumi ce, wadda ta fara sayar da koko tun Nima tana da ciyawa. Gajeriyar tsohuwa ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalli mace sau ɗaya sai ta gyara ɗaurin kallabinta. A tsakar gidanta muke aiki, ƙarƙashin wata dalbejiya. Tare muke sayen gero, a raba da olonka, gwangwanin awon nan na kasuwa. Tare muke regewa, tare muke tacewa, kowace ta ɗauki gasararta ta tafi teburinta. Muna da wata ƙatuwar tukunya ta ƙungiya, wadda ake kai wa duk wadda sha'ani ya same ta. Dokarmu kuwa ɗaya ce tal: koko gero ne zalla. Mma Azumi takan ce, "'Yan ƙabilun Ga da Asante suna wuce tebur goma su zo namu don an ce kokon Hausa ne. Ba mu da gona a garin nan. Sunan nan shi ne gonarmu."

Cikinmu akwai Memuna. Mahaifinta Bakotokoli ne, mahaifiyarta kuma mutuniyar Ga ce ta bakin teku, can ta girma kafin aure ya kawo ta Mamobi. Hausarta irin ta Zango ce tsantsa, wato ta unguwanninmu na baƙi, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ba ta durƙusa wa kowa. Taro sai an kusa tashi take zuwa. In an fitar da anko, ita abin da ta ga dama take sawa. Mu muna zaune a teburinmu, ita kuwa sai ta ɗora tukunya a trotro, motar haya, ta tafi tashar Sakul ta sayar wa direbobi, tana zolayarsu da yaren Ga tana ƙyaƙyata dariya. Mun daɗe muna gunaguni a kanta. Amma ranar da naƙudar Zainabu ta kama ni, maigidana ba ya nan, ita ce ta tare tasi a tsakiyar titi da faɗin jikinta.

Da watan Sha'aban ya shiga, rabon kowace ya sauko ƙasa da rabin abin da muka saba. Kokonmu ya tsinke, har kana iya ganin gindin ƙoƙo. Na Memuna kaɗai yake nan da kauri, tukunya cike. Wata rana Fati Doguwa, wadda teburinta yake kusa da nawa, ta shiga gidan Memuna aron mataci, sai ta ga dusa shanye a kan buhu, ja kamar ƙwaiduwa. Jar masara ce, irin wadda jiragen ruwa suka kawo ta agaji, wadda muke cewa a ƙasarsu dawaki ake ba.

Kashegari da hantsi aka kira taro. Muka zauna a kan tabarmi, Memuna ta tsaya a jikin dalbejiya ta harɗe hannu.

Mma Azumi ta ce, "Memuna, an ce kina zuba jar masara a koko. Haka ne?"

Ta ce, "Haka ne, Mma. Gero babu. Yarana biyar, uwar mijina na shida. Doka zan dama musu?"

"Waɗanda kike sayar wa, kin gaya musu?"

"Sun tambaye ni? Sun sha, sun ƙoshi, gobe sun dawo."

Fati ta zabura ta ce, "Kalabule ke nan!" Duk muka shiga waige-waige. Kalmar da ake jifan maha'intan 'yan kasuwa da ita ke nan a lokacin, in ta fita ƙofar gida tana iya jawo wa mace bulala a bainar jama'a. Fati ta ci gaba, "Mu muna nan muna dama ruwa don mu tsare suna, ke kina can kina sayar da sunan. In an gane, ba za a ce kokon Memuna ba, kokon Hausa za a ce."

Mma Azumi ta juya ga Memuna. Sannan ta ce, "Ko ki bar masara, ko ki bar mu. Ni dai wallahi jar masara ba za ta shiga tukunyata ba, ba kuma za ta wuce maƙogwarona ba."

Memuna ta gyara zaninta. Ta ce, "Kai ne magajiya, Mma. Amma yunwa bai san magajiya ba." Ta fita ba ta waiwayo ba.

Aka yanke cewa ba ta da rabon gero, ba ta da zama a tsakar gidan, gaisuwa kuma iyakarta amsa sallama. In faɗi gaskiya, makon farko daɗi muka ji. Ba mu taɓa haɗa kai irin na makon nan ba. Kowa tana zuwa da wuri, muna rege gero muna cin naman Memuna, wannan ta tuno dariyarta da direbobi, waccan ta tuno ankon da ta ƙi sawa. Har waɗanda ba sa ga maciji da juna suka koma raba goro. Ji muke kamar mun cire ƙaya.

A ƙarshen watan babbar 'yar Memuna ta haihu. Ta aiko da goron suna kamar yadda aka saba, ta kuma nemi aron tukunyar ƙungiya. Aka mayar da goron, tukunya ta zauna a inda take. Ranar sunan na kulle kaina a ɗaki, na ce kaina ke ciwo. Zainabu tana wasa a gabana, na kasa kallonta.

Sai azumi ya kama.

Yau in Zainabu tana son niƙa, minti goma ne a inji, ta dawo ta kunna gas, masu saye ma wasu ta waya suke kira a ƙulla musu a leda. A wancan azumin wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, injin niƙa yakan kwana biyu shiru. Sahur ɗinmu garin rogo ne a jiƙa da ruwa, in an yi sa'a da 'yar gyaɗa. Gari na wayewa a tafi layin famfo da bokiti, a tsaya har inuwa ta gudu. A dawo a durƙusa gaban dutsen niƙa, abin da rabonmu da shi tun muna 'yan mata, a yi ta turawa har ido ya fara ganin taurari da rana tsaka. Kullum da azahar hadari yakan haɗu daga wajen teku, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mu fito da kwanoni da baho. Sai ya yi ta rugugi, ya watse, ya bar mu da zufa. Bayan la'asar a ɗora ruwa, a dama, a fito da tukunya bakin titi.

Fitowar nan ita ce mafi wuya. Mutane sun yi layi da ƙoƙunansu, leɓɓa sun bushe, kowa yana son abin ɗumi da zai buɗe baki da shi. Kafin layi ya kai rabi ludayi ya fara kankarar gindin tukunya. Sauran ba sa faɗa, ba sa zagi. Kallon tukunyar kawai suke yi, su juya. Har yau in na ji ƙarar ludayi a gindin tukunya, fuskokin nan nake gani.

A tsakar gidan Mma Azumi kuma abu ya sauya. Maganar Memuna ta ƙare, ba a samu wata ba. Sai muka koma kallon juna. In tukunyar wata ta kai magariba ba ta ƙare ba, gobe sai a ji raɗa. Fati ta naɗa kanta mai bincike, kuma tun da azumi ya hana ta ɗanɗanawa, sai ta riƙa bin tebur-tebur tana buɗe murfi tana shinshinawa. Mata biyu da suka shekara ashirin tare suka daina magana saboda ɗaya ta ce gasarar ɗaya ta yi duhu. Daga nan kowace ta fara neman dalilin ɗaukar geronta ta tafi gida ta yi aikinta ita kaɗai. Wannan ta ce ciwon ƙafa, waccan ta ce baƙi. Ƙofofin da ba a taɓa rufewa da rana ba suka koma rufe. Tsakar gidan da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, ta koma sai kaji.

Ni a gidanmu bakuna sun ƙaru. Maigidana tela ne, kuma a shekarar ba mai ɗinka ko hula. Ƙaninsa ya dawo daga Legas da mata da 'ya'ya uku. Nonona ya fara ƙafewa, Zainabu ta kama ta saki ta yi ta kuka. Wata rana maigidan ya tsaya layin rabon agaji tun safe, ya dawo da jar masara a ƙullin zani. Ya ajiye a gabana ya ce, "Rabi, ni ban san dokarku ba. Ga abinci dai." Na rufe ƙofa na jiƙa ta, na haɗa da ɗan geron da ya rage. Abin da ya fito, Allah ya sawwaƙe. Wari kamar tsohon buhu, ga shi da an dama sai ya tsinke. Wani dattijo ya sha a gabana bayan kiran salla, ya yamutse fuska, bai ce komai ba. Da ma ya zage ni.

Kwana biyu ina kokawa da zuciyata. A na uku, da rana tsaka, lokacin da lunguna suka yi shiru kowa ya kwanta, na goya Zainabu na bi ta bayan gidaje zuwa Mamobi. Na tarar da Memuna a tsakar gida tsakanin randuna uku, hannunta cikin ruwa har gwiwar hannu.

Ta ɗago ta ce, "Rabi. Ka ɓata hanya ne?"

Na buɗe baki, maimakon magana sai kuka. Ba ta rarrashe ni ba. Ta zagayo ta leƙa bayana, ta ce, "Yaron nan ya rame. Kwance shi." Ta ɗebo koko a ƙaramin kofi ta zauna ta riƙa ba Zainabu da cokali. "Shi ba ya azumi," in ji ta. Sai da kofin ya ƙare sannan ta kalle ni. "Kwana nawa ka jiƙa?"

Na ce, "Ɗaya, kamar gero."

Ta yi dariyar nan tata har sai da ta riƙe randa. Ta ce masarar nan ta yi watanni a cikin jirgi, ta bushe kamar tsakuwa, ta sha warin buhu. Wajen dangin uwarta masu dokunu ta koyi yadda ake lallashinta. A surfe ta tukuna. A jiƙa kwana uku, kowace safiya a zubar da ruwan a sa sabo. Shi ya sa randunanta uku, ta yau, ta gobe, ta jibi. Gero kuwa ba a jiƙa shi duka, a ɗebi kaɗan a soya a kasko har ya yi ƙamshi, a niƙa tare. A ƙara citta da kanumfari. Ta sa na shinshina kowace randa don in san bambanci.

Da zan tafi ta ce, "Kai ne na huɗu."

Na tsaya. "Su wa da wa?"

"Je ka tambayi mai hanci," in ji ta, ta mayar da hannu cikin ruwa.

Kokona ya gyaru. Tukunyata ta fara kai ƙarshen layi, nonona ya dawo. Amma in na hango Fati tafe sai in danne murfin tukunya, in na gai da Mma Azumi kuma ba na iya ɗaga ido.

Ran sha bakwai ga azumi Fati ta matsa wa magajiya lamba har ta yarda a yi bincike. Aka ce gobe da hantsi kowace ta zo da gasararta a ƙwarya, a rufe da faifai. Muka zo, mu takwas, muka jera ƙore a gindin dalbejiya. Ba mai kallon wata. Mma Azumi ta ce a buɗe.

Shida ja ne. Wata ja sosai, wata an yi dabara an shafa farar gasara a sama, amma ta tsage ta tona asiri. Ta Fati fara ce tas, sai dai ba ta fi cikin tafin hannu biyu ba. Fati ta bi ƙoren da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Yarana jiya ruwan zafi da gishiri suka sha. Ni kaɗai ce mahaukaciya ashe." Ta miƙe kuma ta ce, "A kore su, Mma! Duka a kore su!"

Mma Azumi ta ce, "In na kori shida, ni da ke mu zauna mu yi ta kallon juna?" Ta sa hannu ta ɗage faifan tata ƙwaryar. Ba komai a ciki. A nan muka gane abin da ya sa mako guda ba mu ga teburinta a waje ba. Ba ciwon ƙafar da ta ce tana yi ba ne. Rabonta take zubawa a cikin namu kafin a auna, don olonkarmu ta ɗan tasa.

Ta bi ƙoren nan shida tana murza gasarar da yatsa. Da ta zo tawa ta tsaya, ta kai hanci, ta sake murzawa. "Rabi, wa ya koya miki?"

Na ce, "Memuna ce, Mma."

"Ba ta kore ki ba?"

"Zainabu ta fara ba koko."

Mma Azumi ta goge yatsanta. Sannan ta ce a miƙo mata mayafinta da sandarta.

Ba ta bi ta bayan gidaje ba. Ta babban titi ta bi da mu, rana tana dukanmu, tsohuwa a gaba, mata bakwai a baya, masu shaguna suna leƙowa suna tambayar wa ya rasu. Muka haye gada muka shiga Mamobi. A ƙofar gidan ta yi sallama sau uku kafin a amsa.

Memuna tana gaban dutsen niƙa. Ba ta tashi ba.

Mma Azumi ta ce, "Biko muka zo."

Memuna ta ce, "Jikana ya zo duniya, na aika goro, goro ya dawo. Na dafa abincin suna a ƙananan tukwane kamar wanda ba shi da kowa. Surukaina suna tambaya, ina mutanenka?"

"Wannan laifina ne. Ni na ce a mayar. Jariri bai zuba masara a kokon kowa ba. Ki yafe mini." Tun da nake ban taɓa jin kalmar nan daga bakin Mma Azumi ba. Ta dogara sandarta ta ci gaba, "Amma ke ma da naki, kuma ba zan haɗiye shi don ina neman ki ba. Masara ba laifi ba ce, yau na gani. Laifi shi ne mutum ya miƙo ƙoƙonsa yana zaton gero, ki zuba masa wani abu ki yi shiru. Kuma kin san hanya, kika bar mu muna dama ruwa."

"In na faɗa, za ku ji?"

"Ba za mu ji ba," in ji Mma Azumi. "Amma da kin faɗa."

Memuna ta daɗe tana goge hannunta da zani. Can ta ce, "To. Daga gobe zan faɗa. Har direbobi zan faɗa musu." Ta miƙe ta jawo wa tsohuwa kujera da hannunta. Sai ta hango Fati a can baya, ta raɓe a jikin ƙofa. Ta ce, "Fati, shigo. Masara in ya jiƙu daidai, wari ne yake faɗa. Hancin nan naka muna da aiki da shi." Wata ta fashe da dariya, sai duk muka ɗauka, har Fati, tana dariya tana share ido.

Saura rantsuwa. Daga can Mma Azumi ta wuce wajen limamin masallacin layinmu ta gaya masa ta rantse kuma za ta karya. Ya ce kaffara ce, ta ciyar da miskinai goma. Ta ce, "Malam, bana a Nima wane ne ba miskini ba? Wa zan zaɓa in bar wa?" Ya ce wannan kuma tsakaninta da ƙarfinta.

Kashegari tsakar gidan ta cika. Kowace ta kawo masarar da take ɓoyewa, da ɗan geron da ya rage mata, aka zube wuri ɗaya. Dangin uwar Memuna suka samo mana ƙarin masara daga bakin teku, mazanmu kuma suka riƙa tsayawa layin agaji bi da bi. Muka jera randuna tara, uku-uku. Memuna tana tsakiya tana ba da umarni, tana kiran kowa "kai", har magajiya. Fati tana bin randuna da hanci, in ta ce wannan saura kwana, ba mai musu. Turmi huɗu suna tashi tare. Waƙar daka da muka manta ta dawo, da azumi a bakinmu, murya a dishe. Mma Azumi ta karɓi kaskon suyan gero ta ce ba mai taɓa mata shi, ƙamshin kuwa har bakin titi.

A rana ta biyu hadarin nan da ya saba yi mana ƙarya ya haɗu. Ba wadda ta ko ɗaga kai. Sai muka ji ɗigo a kan kwano, ɗaya, biyu, sannan sama ta ɓalle. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Muka yi ta gudu da baho da bokiti, jiƙe sharkaf, muna ihu kamar yara, babban kwalbatin Nima yana ruri a bayan gida. Ruwan bai yi yawan da zai ceci gonaki ba, amma ya cika mana randuna, ya hutar da mu layin famfo kwana uku.

Ranar da sabon kokon ya fito, magajiya ta ce kowace ta faɗa da bakinta kafin ta zuba wa kowa. Na tsaya a teburina, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, na yau jar masara ce da gero kaɗan!" Sai wani tsoho mutumin Ga da yake gaba ya miƙo ƙoƙonsa ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mami, ko dutse ne, in da zafi zuba." Layin ya kwashe da dariya. Ba wanda ya juya. A ranar na sallami mutum na ƙarshe, na leƙa tukunya, da saura.

Kaffarar kuwa, ƙatuwar tukunyarmu aka cika aka kai ƙofar masallaci gab da magariba. Mma Azumi ta zauna a gabanta da ludayi. Da ladan ya kira salla, ita ta fara kai kokon bakinta a gaban kowa, ta haɗiye, ta ce, "Citta ta yi yawa." Memuna ta ce, "Kai dai sha." Goma aka ce mata, amma ba wanda ya tsaya ƙirga. 'Yan dako, waɗanda suka dawo daga Legas ba ko tabarma, tsofaffi, har maƙwabtanmu Kirista da ba sa azumi amma yunwar ba ta tambaye su addini ba. Kashegari Mma Azumi ta ce ai kaffara ta biya, amma wa zai kalli mutanen nan ya ce musu jiya ne kawai? Muka yarda kowace ta riƙa zuba ludayi biyar daga gasararta. Haka muka yi har ƙarshen azumi, kullum, da ruwa da rana.

Magaribar ƙarshe mutane sun fi na kullum. Muka yi ta zubawa har ƙoƙon ƙarshe. Sai da wurin ya watse muka lura ba mu rage wa kanmu ko kurɓi ba. Muka zauna a ƙasa kewaye da tukunyar, mu tara, muna kankarar ƙanzo da yatsa muna lasa. Can sai muka ji ganga daga wajen gidan sarkin Zango, an ga wata.

Mma Azumi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Tun da muka koma aiki tare, kwana nawa muka fasa?"

Muka ce, "Ko ɗaya, Mma."

"Mutum nawa ya juya da ƙoƙo ba komai?"

"Ko ɗaya."

Ta ce, "To me kuke jira? A yi guɗa mana."

Fati ce ta miƙe. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da sai da maza suka fito daga masallaci da takalma a hannu suna tambayar gidan wa aka haihu.